Shafi Ɗaya Daga Littafin Baƙi

A zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami akwai wani littafi mai baƙin bango, wanda tun kafin mu karɓi aikin nan ake ce masa littafin baƙi. Duk wanda ya sauka a zangonmu da niyyar wuce kwana uku, mai masaukinsa yakan kawo shi gaisuwa, mu kuma mu rubuta sunansa da na mahaifinsa, da garin da ya fito, da abin da ya kawo shi, da gidan da ya sauka. Malamin da muka gada da ajami ya rubuta nasa rabin. Mu muka ci gaba da boko, daga baya muka ƙara layin lambar waya. Amfanin littafin a fili yake. In baƙo ya rasu, mun san inda za mu aika. In ya ci bashi ya sulale, mun san wanda za a tambaya. In an kama shi bisa kuskure, da littafin nan dattijo ke tashi ya je ya tsaya masa. Shekara ashirin da biyu muna wannan aiki, kuma sau ɗaya tak littafin ya zama sanadin cutar da wani, ta hannunmu. Za mu kawo labarin, amma sai mun bi ta Amurka tukuna, domin labarin wani Ba'amurke ne ya nuna mana girman abin da muka aikata.

Sunansa Edward Snowden. A farkon watan Yunin 2013 yana da shekara 29, yana aikin kwamfuta a tsibirin Hawai a ƙarƙashin kamfanin Booz Allen Hamilton, wanda ke yi wa hukumar NSA kwangila. NSA ita ce kunnen gwamnatin Amurka. Sana'arta tatsar sadarwa da warware saƙonnin da aka kulle. Ya kwashi takardun sirri masu tarin yawa, ya nemi hutu da sunan neman magani, ya hau jirgi zuwa Hong Kong ranar 20 ga Mayu. A can, cikin ɗakin otal, ya zauna da 'yan jarida uku, Glenn Greenwald da Laura Poitras da Ewen MacAskill, ya buɗe musu abin da ya ɗauko.

Labarin farko ya fito a jaridar Guardian ranar 5 ga Yuni. Umarni ne daga wata kotun sirri zuwa ga kamfanin waya na Verizon, cewa kullum ya miƙa wa NSA bayanan kiran masu hulɗa da shi gaba ɗaya: lambar da ta kira, lambar da aka kira, lokacin kiran, da tsawonsa. Ba a ware mai laifi daga marar laifi ba, kowa aka haɗa. Washegari aka fallasa shirin PRISM, hanyar da hukumar ke karɓar wasiƙu da hotuna da hirarrakin waɗanda take nema daga manyan kamfanoni irin su Google da Facebook da Microsoft da Apple. Bayan haka asirin hukumar GCHQ ta Ingila ya tonu, mai tatsar manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ranar 9 ga Yuni Snowden ya fito da fuskarsa da sunansa, ya ce shi ne, ba shi kuma da niyyar ɓuya.

Wata uku kafin nan, a watan Maris, Sanata Ron Wyden ya tambayi James Clapper, shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka, a gaban majalisa, ko NSA tana tara wani irin bayani a kan miliyoyin Amurkawa. Clapper ya ce a'a, ba da gangan ba dai. Takardar Verizon ta nuna amsar ba gaskiya ba ce. Majalisar da aka ɗora wa alhakin sa ido a kan masu sa ido, ita aka yi wa wannan amsa a bainar jama'a, kuma ba a gurfanar da kowa a kanta ba.

A lokacin a rediyo muka ji labarin, muka ce abin Turawa ne, muka ci gaba da harkokinmu. Har muka yarda da hujjar da jami'ansu suka bayar, cewa ai ba a saurari maganar kowa ba, lambobi kawai aka tara. Ya kamata a ce mu ne farkon waɗanda za su gane raunin wannan hujja, domin mu ma ba ma rubuta abin da baƙo ya faɗa a zaure. Suna ne kawai, da gida, da rana. Amma in muka buɗe shafukan shekara ɗaya, za mu gaya maka wanda ke neman aure a wane gida, da wanda kasuwancinsa ya karye har ya bar masaukin attajiri ya koma kwana a shagon wani, da wanda ya sauya malami. Haka waya take. In lamba ɗaya ta kira likita da ƙarfe biyun dare, ta kira wani gari mai nisa sau huɗu kafin asuba, sannan ta kira liman da mai haƙa kabari, babu buƙatar a saurari ko kalma ɗaya kafin a san abin da ya faru a gidan. Michael Hayden, wanda ya taɓa shugabantar NSA da CIA, ya faɗa da bakinsa a 2014 cewa da irin waɗannan bayanai suke kashe mutane, ko da yake ya ƙara da cewa ba da waɗanda aka tara a kan Amurkawa ba. Mu da ba Amurkawa ba, wannan ƙarin bai sanyaya mana zuciya ba.

Abin da ya biyo baya ga shi Snowden sananne ne. An tuhume shi a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917, aka soke fasfonsa, ya maƙale kusan kwana arba'in a filin jirgin saman Mosko kafin Rasha ta ba shi mafaka ranar 1 ga Agusta. A cikin wannan tsakani har jirgin shugaban Boliviya, Evo Morales, sai da ya sauka dole a Ostiriya, bayan wasu ƙasashen Turai sun hana shi ratsa samaniyarsu bisa zargin yana ɗauke da shi. Babu shi a ciki. A Landan, jami'an GCHQ suka tsaya a kan ma'aikatan Guardian har suka farfasa kwamfutocin da takardun ke ciki, alhali kowa ya san akwai kwafi a wasu ƙasashe. Akwai kuma wani yanki na labarin da ba a cika faɗa ba, wanda ɗan zango ba zai ji shi bai tsaya ba. Kwanakin da ya ɓace a Hong Kong, duniya tana nemansa, a ɗakunan wasu talakawa masu neman mafaka ya kwana, 'yan Siri Lanka da Filifin, waɗanda su kansu ba su da takardar zama. Baƙi ne suka saukar da baƙo.

Game da ko ya yi gaskiya, kotunan ƙasarsa sun yi magana. A watan Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta yanke cewa sashe na 215 na dokar Patriot, wadda aka kafa bayan harin 11 ga Satumban 2001, bai ba gwamnati izinin tara bayanan kiran kowa da kowa ba. Wata guda bayan haka majalisa ta yi sabuwar doka da ta hana NSA riƙe wannan tarin a hannunta. A watan Satumban 2020 wata kotun ɗaukaka ƙarar ta sake cewa shirin ya saɓa doka, a shari'ar wasu Somaliyawa huɗu na San Diego da aka samu da laifin aika kuɗi ga Al-Shabaab. Ta bar hukuncinsu yadda yake, amma ta nuna cewa tarin bayanan bai taka rawar da jami'ai suka daɗe suna cewa ya taka ba. Tun a watan Janairun 2014 wani kwamitin gwamnati mai kula da 'yancin jama'a ya ce bai samu ko da misali ɗaya ba inda shirin ya sauya sakamakon wani binciken ta'addanci. An gyara doka saboda abin da ya tona, shi kuwa tuhumarsa tana nan ba a janye ba.

Muna da 'ya'ya da ƙanne a unguwar Bronx ta New York, masu tuƙin tasi da aikin shago, waɗanda kuɗinsu ke gina rabin sababbin gidajen zangon nan. Su ba sai an ba su labarin sa ido ba. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya fallasa cewa 'yan sandan birnin suna da wani sashe da ke zana taswirar rayuwar Musulmi: masallatai, gidajen abinci, shaguna, ƙungiyoyin ɗalibai, da wanda ke zama a ina yana hira da wa. Wani babban jami'insu ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa a 2012 cewa a shekarun da ya yi yana kula da aikin, sashen bai kai su ga binciken ta'addanci ko ɗaya ba. An rufe shi a 2014. A wannan shekarar ce kuma takardun Snowden suka nuna an bibiyi wasiƙun wasu fitattun Musulmin Amurka biyar, cikinsu har da Nihad Awad, shugaban ƙungiyar CAIR. Ɓarnar irin wannan aiki ba a kurkuku aka fi ganinta ba. A sahu ake ganinta, lokacin da mutum ya idar da salla ya kasa sakin jiki da wanda ke gefensa, liman ya tsallake wani babi a karatu don kada a juya masa magana, baƙo ya shigo masallaci a bi shi da kallon tuhuma maimakon a ba shi ruwa. Ba a kafa dokar hana kowa magana ba, mutane ne da kansu suke yin shiru.

Mu ma nan yankin ba a tsallake mu ba. A watan Disambar 2013 jaridu suka ruwaito daga cikin takardun cewa an tatsi saƙonnin wayar Dokta Muhammad Ibn Chambas, ɗan ƙasar nan, a zamanin da yake shugabantar hukumar ECOWAS. A 2016 jaridar Le Monde ta Faransa ta fitar da sunayen shugabannin Afirka da GCHQ ta sa wa ido, har da John Kufuor da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin da ke cikin ɗan tsako, shirwa ta daɗe da saninsa. Gyaran da aka yi wa dokar Amurka a 2015 kuwa kiran wayar cikin gidansu ya shafa. Wanda ke Kumasi ko Tamale ko Yamai, babu abin da ya ƙaru da shi.

Wanda ya yi karatun zaure zai tarar da wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta haɗa abu uku a wuri ɗaya ta hana: mummunan zato, da bin diddigin asirin mutane, da cin naman wanda ba ya nan. Jerin ma abin lura ne, domin zato ne ke haifar da bincike, binciken kuma ya haifi yaɗawa. Malamanmu sukan ba da labarin Sayyidina Umar, lokacin da ya haura katangar wani gida da dare ya tarar da mai gidan cikin saɓo. Mutumin ya nuna masa cewa in shi laifi ɗaya ya yi, to Sarkin Musulmi uku ya yi: ya yi leƙe, ya shigo ba ta ƙofa ba, ya kuma shigo ba sallama ba izini. Umar bai ce ai tsaron gari ne ya kawo shi ba. Ya karɓi maganar. Malam Mawardi a cikin Ahkamus Sulɗaniyya ya hana mai hisba tono abin da ke ɓoye, sai fa in wani amintacce ya kawo labarin wata ɓarna da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Ke nan an bar ƙofar bincike a buɗe, amma ƙunƙuntacciya ce: sai da dalili, a kan mutum sananne, saboda haɗari sananne. Abin da NSA ta yi shi ne haura katangar kowane gida a gari kowane dare, da fatan wata rana za a dace da ɓarawo.

Sai dai fuska ta biyu ta fi ta farko wuya, kuma ita ta fi shafar mai irin aikinmu. An ba Snowden amana, ya sa hannu cewa zai riƙe sirri, ya kuma saɓa. A tarbiyyarmu babu abin ƙyama kamar annamimi, kuma magatakardan da bakinsa ba ya rufuwa bai cancanci zama a zaure ba. Mun san asirin aure da na gado da na bashi na gidaje da yawa, wanda da shi za a binne mu. Amma malaman da suka tsananta a kan giba su ne kuma suka ware wuraren da ta halatta. Imamu Nawawi ya lissafa shida, cikinsu akwai kai ƙarar zalunci da gargaɗin jama'a daga cuta. A fahimtarmu, sirrin da aka ba ka don ka rufa wa wani asiri daban yake da sirrin da aka ba ka don ka taya a ci amanar wasu. Na biyun ko an kira shi amana, masu amanar na asali su ne mutanen da ake leƙa.

Ba mu wanke shi tas ba. Ya ɗebi takardu fiye da abin da ya shafi sirrin jama'a, kuma kwamitin leƙen asiri na majalisar wakilan Amurka ya ce a 2016 mafi yawansu sun shafi harkar soja da tsaro ne. Shi ya ce bai wallafa komai da hannunsa ba, 'yan jarida ya bar wa zaɓi. Amma wanda ya kwance buhu a kasuwa ba shi ke iko da inda iska za ta kai ƙaiƙayi ba. Zamansa a Rasha, ƙasar da ɗan jarida ba ya barci da ido biyu rufe, da karɓar takardar zama ɗan ƙasarta a 2022, sun rage wa maganarsa nauyi a kunnen mutane da yawa. Masu cewa da ya bi ta hanyar cikin gida kuwa, sai su duba Thomas Drake, babban jami'in NSA da ya fara kai kokensa ga shugabanninsa da masu binciken cikin gida da majalisa kafin ya yi magana da 'yar jarida. A 2010 aka tuhume shi da wannan doka ta 1917. Manyan tuhume-tuhumen suka rushe a 2011, amma aikinsa ya tafi, ya koma sayar da kaya a shagon Apple. Dokar kuma ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da cewa don amfanin jama'a ya yi ba. Snowden ya ga abin da ya sami gemun ɗan'uwansa.

A nan Gana sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da wasiƙa da sadarwa. Muna kuma da dokar kare mai fallasa ta 2006, wadda a cikin mutanen da ta yarda a kai wa bayani har da sarki, da dattijon dangi, da shugaban addini. Wato zaure irin namu ma doka ta san da shi. Duk da haka, a watan Mayun 2020 babbar kotu a Ankara ta ɗaure wasu tsofaffin manyan jami'ai uku a kan cinikin na'urar Pegasus daga kamfanin NSO na Isra'ila, manhajar da ke shiga wayar mutum ta karanta komai ba da saninsa ba. Laifin da aka kama su da shi asarar kuɗin gwamnati ne, dala miliyan 4. Kuɗin aka yi shari'a a kai. Mu kuwa 'yan zango muna da dalilinmu na dabam na tsoron jerin sunaye. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Muna ƙanana a lokacin, amma mun tashi mun tarar da gidajen da aka sayar a wulaƙance, da tsofaffin da har suka rasu in an tambaye su garin kakansu sai sun dubi mai tambayar sau biyu. Bayanin da ba ya cutar da kai a yau, gwamnatin gobe ce za ta karanta shi.

Yanzu sai namu labarin. A shekarun da tashin hankalin Burkina Faso ya fara matsowa kusa da iyaka, wani mutum ya same mu bayan la'asar, dattijo ba ya nan. Mai ladabi ne, ya iya gaisuwa da Hausa, ya ce daga wata hukuma yake. Bai nuna takarda ba, mu ma ba mu nema ba. Wanda ya girma a zango ya san yadda gaba ke faɗuwa in an ambaci hukuma. Ya ce, “Malam, ku ne idon gari. Ba wani abu muke so ba, sunayen baƙin watan nan kawai, don a tsare ku ne.” Ya ƙara da cewa ba sai an ɗaga hankalin tsoho da wannan ƙaramar magana ba. Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, domin ana kashe mutane a ƙetaren iyaka, kuma babu ɗan zangon da ke son a ce ta gidansa masifa ta shigo. Muka buɗe masa shafi ɗaya, ya ɗauki hotonsa da waya, ya yi godiya ya tafi. Duka-duka bai kai minti biyar ba.

Bayan kwana goma aka ɗauke wani saurayi mai kawo albasa daga wajen Galmi a Nijar, sunansa na shida a shafin. Kwana huɗu ba a san inda yake ba, albasarsa tana ruɓewa a tasha. Da aka sake shi ba tare da an tuhume shi da komai ba, mai masaukinsa ya kawo shi zaure, ya zayyana tambayoyin da aka yi masa. An tambaye shi me ya sa a wannan zuwan ya sauya masauki, da dalilin da ya sa lambar da ya bayar ta wani ɗan'uwansa ce mazaunin Burkina. Abu biyun nan babu inda suke a rubuce sai a shafinmu, da rubutun hannunmu. Dattijo yana ta mamakin ta ina aka san wannan, mu kuma muna zaune a gefensa da alƙalami, muna rubuta koken.

Kwana tara muka yi da abin a ciki. Babu wanda ya zarge mu, kuma da mun yi shiru da har yau babu wanda ya sani. Mutumin ya sake kira sau biyu yana neman shafin wata mai zuwa, a karo na biyu har ya turo kuɗin kati, muka mayar. A cikin waɗannan darare ne labarin da muka ji a rediyo a 2013 ya dawo mana, muka ga ashe ba abin Turawa ba ne. Bambancinmu da Snowden shi ne, shi ya ga ana yi ya tona, mu kuwa mu ne muka yi. In za mu tona, kanmu za mu fara tonawa. Abin da za mu rasa bai kai nasa ba, ba mai soke mana fasfo. Amma mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda duk jarinsa a gari shi ne a ce Malam ba ya fitar da magana, ya san abin da yake ajiyewa a faifai.

A rana ta goma bayan sallar asuba muka ce, “Ranka ya daɗe, shafin nan mu muka bayar.” Ya daɗe yana jan carbi bai ɗago ba. Sannan ya ce ba shi muka yi wa laifi ba, don haka ba a gabansa kaɗai za mu faɗa ba. Ranar Juma'a da yamma aka tara masu unguwanni da limamai da masu saukar baƙi, muka tashi tsaye muka maimaita, har da kiran waya biyun da kuɗin katin. Wani ya ce a karɓe littafin daga hannunmu. Wani ya ce ai gara da muka bayar, kada a ce zango na ɓoye miyagu, kuma fallasa maganar nan ita ce za ta jawo mana fushin hukuma. Wannan bai yi mana daɗin ji ba, ko da yake kare mu yake yi. Wani tsoho da ya ga 1969 da idonsa ya ce a ƙone littafin kowa ya huta.

Ba a ƙone shi ba, ba a kuma karɓe shi ba. Abin da aka tsayar shi ne, duk jami'in da ke son wani bayani ya zo da rana, ta ƙofa, da takardar da ta ambaci wanda ake nema da dalilin nemansa, a buɗe a gaban dattijo da shaidu biyu, a nuna masa layin mutumin kaɗai a rufe sauran. In kuma wani a cikinmu ya ga abin da ke nuna za a zubar da jini, dattijo da kansa zai kai rahoto, ba sai an zo tambaya ba. Muka rubuta wannan a bangon littafin daga ciki, da boko da ajami. Da mutumin ya sake kira muka karanta masa. Ya ce ya ji, bai ƙara kira ba. Sau ɗaya tun daga nan aka zo da takarda, a kan maganar satar shanu, aka buɗe aka nuna layi ɗaya.

Amma littafin ya rame. A da wata ba ya wucewa ba mu cika shafi biyu ba, yanzu da ƙyar muke cika ɗaya, ba kuma don baƙi sun daina zuwa ba. Wasu masu masaukin sukan kawo baƙo gaisuwa su ce a rubuta suna a bar lambar waya, mu kuma mu bar wurin fari. Watannin baya wani baƙo ya rasu a ɗakin haya, ba ya cikin littafi, sai da aka yi kwana biyu ana cigiya kafin a samu wanda ya san garinsu.

Saurayin nan mai albasa, mun nemi gafararsa kafin ya koma, muka haɗa masa abin da ya sawwaƙa daga aljihunmu, wanda bai kai rabin asararsa ba. Ya ce ya yafe. Bara da kakar albasa mun hango shi a tasha yana sauke buhuna. An ce a wani gida ya sauka can bayan kasuwa. Bai zo gaisuwa ba, mu ma ba mu aika a kira shi ba.